Yadda Ake Bin Diddigin Kalmar Soshiyoloji Daga Harshe Zuwa Harshe

Ɗalibin da aka ba shi aikin bayyana ma'anar soshiyoloji, wato ilimin zamantakewa, yakan buɗe littafi guda, ya kwafo cewa Auguste Comte, masanin falsafa ɗan Faransa, shi ne ya ƙirƙiri kalmar, ya wuce. Wannan bai wadatar ba, domin ranar da aka raɗa wa ilimi suna daban take da ranar da aka fara yin ilimin, kuma duk wanda ya cakuɗa biyun zai yi kuskure tun a shafin farko.

A fara da fasa kalmar gida biyu. Rabin farko daga Latin yake, wato socius, wanda ke nufin abokin tafiya ko wanda aka ƙulla ƙawance da shi. Rabin na biyu daga Girkanci yake, wato logos, wanda ke ɗauke da ma'anar magana, hujja da nazari. A lura cewa gaɓoɓin biyu ba daga harshe ɗaya suke ba, abin da masana na zamanin Comte suka ɗauka aibi ne, har John Stuart Mill, masanin falsafa ɗan Ingila, ya siffanta kalmar a 1843 da cewa gurɓatacciya ce amma mai amfani.

Bayan haka sai a nemi shekara, kuma a nemi dalili, domin dalilin ya fi shekarar faɗakarwa. Kalmar ta fito a bugu a 1839, cikin juzu'i na huɗu na darussan Comte kan falsafa, amma littattafai da yawa suna rubuta 1838. Mai bincike ya faɗi wadda ya dogara da ita. Kafin nan Comte yana kiran fannin fiziks na zaman jama'a, sai wani masanin ƙididdiga ɗan Beljiyom, Adolphe Quetelet, ya yi amfani da wannan suna a littafinsa na 1835 don aikin ƙirga haihuwa, mutuwa da laifuffuka. Comte bai yarda a haɗa tunaninsa da wannan ba, shi ya sa ya nemi sabon suna. Akwai kuma Emmanuel-Joseph Sieyès, ɗan siyasar juyin juya halin Faransa, wanda ya rubuta kalmar wajen 1780 a takardun da bai buga ba, ba a kuwa bayyana hakan ga duniya ba sai a 2006. Don haka a rubuta cewa Sieyès ya riga kowa rubuta ta, Comte kuma shi ya ba ta ma'ana ya yaɗa ta.

Mataki mafi daɗi shi ne bin kalmar zuwa wasu harsuna, kuma tambayar da za a yi wa kowane harshe ita ce: sauti ya ara ko ma'ana ya fassara? Ingilishi, Jamusanci, Rashanci da Sifaniyanci sauti suka ara, suka ɗan gyara shi. Girkawa na yau kuwa sun cire rabin Latin ɗin, suka sa tasu kalmar ta tarayyar jama'a, suka ce koinoniologia. A Japan an fassara ta shakaigaku, ilimin al'umma. A ƙasar Sin kuma an yi takara tsakanin sunaye biyu: Yan Fu, da ya fassara littafin masanin Ingila Herbert Spencer a 1903, ya zaɓi qunxue, ilimin taron mutane, yana jingina da tsohon tunanin Sinawa, amma ɗalibai masu dawowa daga Japan suka zo da shehuixue, kuma shi ya yi nasara har yau. Turkiyya ta fi kowa nuna yadda siyasa ke shiga suna, domin a zamanin masanin zamantakewa Ziya Gökalp, ƙarshen daular Usmaniyya, ana cewa içtimaiyat daga tushen Larabci, daga baya masu tsarkake harshe suka kawo toplumbilim, ga kuma sosyoloji da aka aro daga Faransanci. A ganina, nan ne ya kamata ɗalibi ya daɗe, domin zaɓin kowace al'umma yana nuna inda take kallo a lokacin.

Idan aka zo Larabci, a yi hattara. Sunan fannin a yau shi ne ilmul ijtima'i, amma Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332, ya rubuta Muƙaddimarsa a 1377 ya kira sabon iliminsa ilmul umran, wato nazarin raya ƙasa da zaman 'yan Adam, inda ya yi bayanin asabiyya, wato haɗin kan jama'a, da yadda dauloli ke tashi su faɗi. Kuskure ne a ce shi ya ƙirƙiri kalmar soshiyoloji, kuma zalunci ne a rubuta tarihin fannin ba tare da shi ba, alhali ya riga Comte da fiye da shekaru 450.

Mai rubutu da Hausa yana da zaɓi tsakanin aron soshiyoloji da fassarar ilimin zamantakewa, wasu kuma sukan ce ilimin halayyar zaman jama'a. Fassarar ta fi saurin shiga kunne, sai dai tana kusa da kimiyyar zamantakewa, wadda ake kiran tsangaya guda da ita a jami'o'inmu, mai ɗauke da tattalin arziki da kimiyyar siyasa da sauransu. Saboda haka a wurin da kalmar ta fara fitowa a ambaci sunayen biyu tare, a bayyana cewa fanni ɗaya ake nufi ba tsangayar ba, sannan a riƙe suna ɗaya har ƙarshen rubutun.