Shirin haihuwa a asibiti ga matan Yamai

Tun cikinki ya shiga wata na takwas, ki haɗa kayanki a jaka guda: zannuwa tsofaffi masu tsabta aƙalla biyar, audugar mata, sabulu, bokiti, da kayan jariri masu laushi. Katin awo ya kasance a sama, domin shi ungozoma za ta fara tambaya, kuma a cikinsa take ganin rukunin jininki. Maigida ya tanadi mota tun da wuri, musamman in kuna Harobanda, tunda wani lokaci sai an ƙetare gada. Idan kika ga jini, ko faya ta fashe, ko ciwon kai mai tsanani da kumburi, kada ki jira naƙuda ta kankama. Mai wuyar haihuwa akan tura ta babban asibitin haihuwa na Issaka Gazoby.