Yadda ɗalibin Maraɗi zai cika sharaɗin Ingilishi domin karatun lissafin haɗarin inshora a waje

Ɗalibin da ya sami Bak C ko D (shaidar kammala sakandare a ɓangaren kimiyya), ko ya kammala digirin lissafi a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, yakan ɗauka cewa ƙarfinsa a lissafi ya wadatar. Sai dai jami'o'in da suka shahara a fannin lissafin haɗarin inshora, irin su Heriot-Watt ta Edinbura da Waterloo ta Kanada, suna neman shaidar iya Ingilishi daga wanda ya yi karatunsa da Faransanci.

Da farko, a buɗe shafin intanet na kwas ɗin kansa a karanta sharaɗinsa, domin makin da ake nema yana bambanta daga sashe zuwa sashe ko a jami'a ɗaya. Galibi ana karɓar sakamakon jarrabawar Ingilishi ta IELTS ko TOEFL. Wanda ya zaɓi IELTS ya tabbatar ya yi rajistar nau'in Academic, saboda General Training na masu neman aiki da zama ne.

Ana ba da makin IELTS daga 0 zuwa 9 a sassa huɗu, wato sauraro, karatu, rubutu da magana. Jami'o'i da yawa suna neman matsakaicin makin sassan huɗu ya kai 6.5, tare da sharaɗin kada wani sashe ya faɗi ƙasa da 6.0, kuma nan ne ake yawan tuntuɓe, domin mutum na iya samun matsakaicin maki mai kyau amma rubutu ya kayar da shi. A ganina rubutun ya cancanci rabin lokacin shiri. Cikin minti 60 ake yin aiki biyu: bayanin wani jadawali ko zanen alƙaluma da kalmomi 150 aƙalla, sannan muƙala mai kalmomi 250. Na farkon bai kamata ya firgita mai lissafi ba, amma muƙalar tana buƙatar malami mai gyara kowane mako.

Bayan haka sai rajista da fasfo, wanda da shi za a shiga ɗakin jarrabawa. Hukumar Birtaniya ta British Council tana shirya IELTS a Abuja, don haka a haɗa kuɗin mota da masauki cikin lissafi. Kada kuma a yi gaggawa, domin sakamakon yana aiki ne na shekara 2 kawai.

Wanda Ingilishin ya gagara yana iya neman makarantar ISFA ta Liyon a Faransa ko Jami'ar Laval ta Kebek, inda ake koyar da fannin da Faransanci.