Yadda Ake Sake Gina Tsohuwar Lakwal a Ƙauye

Kada ku rushe tsohon aji sai kuɗi da kayan gini sun shiga hannu. Garin da ya yi gaggawar rushewa, a rumfar kara yaransa za su ƙare, kuma babu wanda ya manta da gobarar ranar 8 ga Nuwamba 2021 a Maraɗi, wadda ta kashe yara sama da 20 a irin waɗannan rumfuna.

Da farko, darakta da ƴan COGES, wato kwamitin kula da lakwal, da mai gari su zagaya da maso, aji bayan aji. A dubi gindin bango inda ruwa ya ci, da katakon rufi ko gara ta shiga. Tsagar da ta tashi daga ƙasa har saman taga, wadda hannu ke shiga, ba ta yaɓe ba ce. Ajin da ke da irin wannan tsaga shi ne na farkon sake ginawa. Wanda kwanonsa kaɗai ke yoyo, gyara ya ishe shi.

Sannan a rubuta takarda, a haɗa da hotuna, a kai wa sufeton makarantu da ma'aikatar magajin gari don buƙatar ta shiga tsarin ayyukan ƙaramar hukuma. A nemi zanen aji na hukuma tun a nan, kada maso ya yi da ka.

Tara gudummawa kuwa da kaka ake yi, lokacin da gero da wake da gyaɗa ke gida. Kowane magidanci ya kawo damin da aka yanke, masu amalanke su ɗauki nauyin yashi da tsakuwa da ruwa, ƴan gari da ke Najeriya ko Yamai a tuntuɓe su. Kuɗin su zauna da sa hannun mutum biyu, a kuma karanta lissafi a bainar jama'a, domin zargi ɗaya ya isa ya kashe gayya.

Da sanyi a buga birgi. Nan ne ake yawan cuta: a yi yarjejeniya kan birgi nawa buhun siminti zai fitar, wani ya tsaya yana ƙirga. A riƙa ba birgin ruwa safe da yamma akalla mako guda. Wanda ya rududduge in an murza da yatsa, a mayar.

Tagogi su fuskanci kudu da arewa. Gabas ce ke kawo iska da ruwan damina, don haka bangon can ya sha yaɓen siminti mai kauri, kwano kuma a ɗaure shi da ƙarfe cikin ginin. Ƙofa ta buɗe waje.

Ku gama aji ɗaya tukuna, har allo da bencina, kafin ruwan Yuni. Makewayin ƴan mata daban a sa shi cikin lissafin farko, in aka bar shi sai "daga baya" ba a yin sa. Kuɗin ƙarshe na maso a riƙe su sai damina ta gwada rufin.