Yadda Ake Farautar Hasken Arewa Bayan Tartsatsin Rana

Duk ranar da labarai suka ce rana ta yi tartsatsi mai ƙarfi, 'yan uwanmu da ke karatu ko aiki a nan Birtaniya sukan aiko mini da saƙo a Aberdeen: "Yaya, yau da daddare za a ga hasken nan?" Hasken arewa suke nufi, wato hasken kore ko ja da ke bayyana da daddare a samaniyar ƙasashen can arewacin duniya. Amsar da na fi bayarwa ita ce a'a, kwanta ka yi barcinka, mu yi magana jibi.

Ga dalili. Abu biyu rana ke jefowa. Na farko shi ne tartsatsin kansa, walƙiya ce da ke iso mana cikin kusan minti 8. Masana suna jera ƙarfinsa da haruffa A, B, C, M da X, kowane harafi ya ninka wanda ya gabace shi sau 10. Wannan ba ya kawo hasken arewa. Aikinsa shi ne toshe rediyon gajeren zango a ɓangaren duniyar da rana ke haskawa a lokacin, kuma a nan ne abin ke taɓa gida: dattijon da ke kama tasha da rana tsaka a Katsina ko Maraɗi zai iya jin ta ɗauke ɗif na wasu mintoci, ya yi ta zargin batir. Na biyu shi ne wani ƙaton gajimaren iska mai caji da rana ke amayarwa, wanda ake kira CME. Shi ne mai kawo hasken, kuma yakan ɗauki kwana 1 zuwa 3 a hanya, in ma ya nufo mu ke nan.

Shi ya sa girman harafin bai cika ruɗa ni ba. Ranar 14 ga Mayun 2024 an yi tartsatsin X8.7, amma baƙin tabon fuskar rana da tartsatsin ya fito daga cikinsa ya riga ya kewaya gefen rana, sai amayen ya wuce mu. A watan Oktoban shekarar kuwa, na X1.8 ne, ƙarami idan aka gwada da wancan, ya jawo guguwar maganaɗisu ta daren 10 ga wata da aka ga haskenta har a kudancin Ingila. Tambayar da za ka fara yi ita ce: akwai CME, kuma ya fuskanto duniya?

Wurin samun amsa shi ne shafin cibiyar hasashen yanayin sararin samaniya ta hukumar NOAA da ke Boulder a Amurka. Za ka ga ma'aunin Kp, mai auna girgizar maganaɗisun duniya, daga 0 zuwa 9. Kp 5 shi ne guguwa mafi ƙanƙanta, G1, Kp 9 kuma G5. A arewacin Scotland, 5 takan isa a hango wani abu can ƙasan sama. Mutumin Landan sai ta haura sosai. Wanda ke Birtaniya ya sauke manhajar AuroraWatch UK ta Jami'ar Lancaster, in ta nuna ruwan goro ko ja, ya nemi takalminsa.

Amma lambar da nake zuba wa ido ita ce Bz, mai nuna inda maganaɗisun gajimaren ya fuskanta. Gajimaren yana tafe da maganaɗisunsa. In ya kalli arewa, na duniya yakan ture shi, ka kwana a waje ba ka ga komai ba ko da an yi ta kururuwar guguwa. In ya juya kudu, wato lambar ta koma ƙasa da sifiri, ƙofa ta buɗe. Da na ga -10 ta zauna daram kamar rabin awa, sai in ɗauki makullin mota. Matsalar ita ce ba a sanin wannan sai gajimaren ya iso wurin taurarin ɗan Adam da ke gadi kilomita miliyan 1.5 daga nan, sanarwar da ke rage mana bai wuce minti 15 zuwa awa ɗaya ba. Don haka duk mai ce maka tabbas ƙarfe kaza za a gani, yana dai faɗa ne.

Sauran aikin na ƙasa ne. Ka fita daga fitilun gari, ka sami wurin da arewa take a buɗe. Ni gaɓar tekun Moray na fi so, wajen Cullen ko Lossiemouth, domin ruwa ne kawai a gabanka. Duba hasashen hadari kafin ka ƙona mai. Duba kalandar Musulunci ma: ƙarshen wata da farkonsa sun fi duhu, daren sha huɗu kuwa farin wata kan dushe hasken in mai rauni ne. A Yuni da Yuli kada ka wahala, shafaƙi ba ya gushewa a nan, duk wanda ya taɓa rikicewa kan lokacin Isha'i a Scotland ya san zancen. Satumba zuwa Maris ne kakarsa, daga ƙarfe 10 na dare zuwa 2.

Sai abin da hotuna ba sa faɗa. Yawancin dare idonka ba zai ga kore shar ba, wani fari-fari zai gani kamar hazon hunturu a gefen sama. Ɗaga waya, sa ta a tsarin ɗaukar dare, kashe filas, jingina ta a rufin mota na daƙiƙa 3 zuwa 10. In hoton ya fito kore, shi ne. Daga nan mayar da wayar aljihu, ido na bukatar kamar minti 20 kafin ya saba da duhu. Kuma kada ka yi saurin tafiya. Hasken yakan yi shiru awa guda, sai kwatsam ya tashi da ginshiƙai yana rawa na 'yan mintoci, yawanci bayan masu gaggawa sun koma mota. Sa tufafi bisa tufafi, safa biyu, shayi a fulas.

Koren daga iskar oksijin yake, sama da kilomita 100. Jan kuma daga oksijin ɗin da ke can sama da kilomita 200. Saboda tsayinsa ne na nesa suka fi ganin ja, kamar daren 10 ga Mayun 2024, guguwar G5 ta farko tun 2003, da aka hango shi a Meziko da tsibiran Kanari.

Na gida kan tambaye ni ko za a gani a Kano. Ko a 1859, guguwa mafi girma da aka rubuta, wadda ta sa wayoyin tangaraho tartsatsi, su Kuba da Hawai ne ake ambata cikin wurare masu nisa da ya kai. Najeriya kuwa tana kan tsakiyar maganaɗisun duniya, kusan wuri mafi nisa daga inda hasken ke sauka. In ka ga ja a samaniyar Kano da daddare, ka fara binciken inda gobara ta tashi.