Yadda ake tara nikel ɗin Amurka da yadda ake gane rininsa

Duk wanda ya tambaye ni ta ina zai fara tara tsabar kuɗin Amurka, nikel nake nuna masa, wato senti biyar. Ga arha, ga shi tsofaffinsa ba su ƙare a hannun jama'a ba. In kana Amurka, ka shiga banki da dala 2 a ba ka ƙunshi mai guda 40, ka zazzage a kan tawul, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana duba shekara. Mai hoton Jefferson, shugaban Amurka na uku, tun 1938 ake buga shi, nauyinsa giram 5, kashi 75 tagulla, 25 nikel. Irin wannan gamin ƙarfe ne a jikin kwabo mai huji da kakanninmu suka kashe a zamanin Turawa.

Fara da neman na lokacin yaƙi. Daga ƙarshen 1942 zuwa 1945 an buƙaci ƙarfen nikel don kayan soja, sai aka cire shi aka zuba azurfa kashi 35. Juya bayansa: in ka ga ƙaton harafi P, D ko S, alamar garin da aka buga shi, a saman ƙubbar Monticello, gidan Jefferson, ka ware shi gefe. Ka sa ido kan na 1950 mai D, wato bugun birnin Denba, don abin da aka buga bai kai miliyan 3 ba. Mai hoton ɓauna, na 1913 zuwa 1938, yakan faɗo jefi-jefi, sai dai galibi shekararsa ta goge, saboda a kan tudu aka zauna da ita inda yatsa ke yawan shafa.

Amma abin da ya riƙe ni a wannan harka shi ne rini. Iska da farar wutar da ke cikin tsohuwar takarda su ke cin fuskar ƙarfen a hankali, shekara da shekaru, har su bar wata siririyar fata. Haske na dukan fatar da ƙarfen da ke ƙarƙashinta, sai ido ya ga launi, kamar digon fetur a kan ruwa. In fatar ba ta yi kauri ba, ruwan zinare za ka gani. Ta ƙara kauri, sai shunayya da shuɗi. In ta wuce kima, baƙi ne kawai. Nikel ba ya ɗaukar launi da sauri kamar azurfa, shi ya sa nasa ke fitowa a sanyaye, ni kuwa hakan ya fi kwanta mini.

In za ka duba rini, ka riƙe nikel ɗin ta gefe, kada yatsa ya taɓa fuskarsa. Kashe sauran fitilu ka bar guda ɗaya, ka riƙa karkata shi sannu-sannu. Rini na gaskiya launi ne ke narkewa cikin launi, sheƙin asali na zagayawa a ƙarƙashinsa. Wanda ya daɗe a kundin kwali, daga baki rinin ke farawa ya doshi tsakiya, don bakin ne ke manne da takarda. Akwai masu haɗa na bogi da wuta ko dafaffen ƙwai. Nasu yakan yi kau da yawa, dabbare-dabbare, yana zaune a sama ba ya bin sassaƙar hoton. Kada ka biya kuɗi mai yawa kan hoton waya kawai.

Kuma don Allah kada ka wanke. Toka, lemon tsami, man goge haƙori, duk suna kankare fatar su bar ƙananan zane da ba sa gyaruwa. Kamfanonin tantancewa irin su PCGS da NGC, masu ba da maki daga 1 zuwa 70, ba sa ba wankakke maki, sai dai su rubuta cewa an wanke shi, farashinsa ya faɗi. Abu ɗaya nake cirewa: koren danƙo da leda mai laushi ta PVC ke bari. Shi ma da tsantsar asiton, wani ruwan sinadari mai narkar da danƙo, a tsoma a ɗaga, ba gogewa.

Wajen ajiya, nemi gidan roba mai tauri marar PVC, ka jefa ƙunshin silika a akwatin don ya sha danshi. Nisanta shi da kicin, kuma kada ka ɗaure da robar ɗaure kuɗi, don tana da farar wuta, za ta bar baƙin layi a jikinsa.