Yadda Ake Haɗa Na'urar Rediyo Mai Ƙaramin Ƙarfi Ba Tare da Taka Doka Ba

Masu haɗe-haɗen lantarki da yawa suna ɗauka in dai na'ura ƙarama ce, babu ruwan hukuma da ita. Ba haka zancen yake ba. Abin da doka ta fi dubawa shi ne mitar (frequency, wato gurbin da sigina ke bi a iska) da kake aika sigina a kanta, sannan ƙarfin ya biyo baya. A Najeriya dokar sadarwa ta 2003 ta ɗora wa hukumar sadarwa NCC kula da mitocin sadarwa, hukumar NBC kuma ke ba da lasisin gidajen rediyo da talabijin. A Nijar kula da mitocin sadarwa aikin hukumar ARCEP ne.

Fara da zaɓen mita tun kafin ka sayi komai. Mafi kwanciyar hankali ita ce 2.4 GHz, wadda Wi-Fi da Bluetooth ke aiki a kanta a duk duniya. Idan so kake ka kunna famfon borehol daga ɗaki, ko ka san yawan ruwan tanki, ƙananan allunan rediyo (modul) irin su ESP32 ko nRF24L01 sun wadatar.

In nisa kake nema, a nan ake shiga tarko. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta raba duniya shiyya uku, Afirka na tare da Turai a ta ɗaya, Amurka na ta biyu. Da yawa daga bidiyon koyarwa na YouTube 'yan Amurka ne ke yi, su kuwa an sakar musu 902 zuwa 928 MHz. Sai ka ga matashi ya yi odar LoRa, modul mai aika sigina nesa, mai 915 MHz saboda ita ya gani a bidiyo, alhali a wajenmu layukan GSM na aika sigina daga waya zuwa turke tsakanin 890 da 915 MHz. Ka ga ke nan ya shiga gonar kamfanonin da suka biya maƙudan kuɗi don wannan wuri. Karanta lambar da ke jikin modul ɗin, sannan ka gwada ta da jadawalin rabon mitoci da ke shafin NCC.

Na gaba, rage ƙarfi. Ɗauki HC-12 misali, modul mai aiki a 433 MHz, wadda ake yawan amfani da ita da Arduino, allon da ake sa wa umarni ya sarrafa na'urori. Tana fitowa daga kamfani a kan ƙarfinta na ƙarshe, miliwat 100, alhali ƙa'idar Turai, wadda muke shiyya ɗaya da ita, a 433 MHz miliwat 10 ce. Aika mata umarnin AT+P4 ta sauko ƙasa da haka. Ka lura da tashar ma: ta farko tana kan 433.4 MHz, kowace ta gaba tana ƙara 400 kHz, don haka da ka wuce ta huɗu ka fita daga yankin da ƙa'idar ta amince da shi, 433.05 zuwa 434.79 MHz. Kada kuma na'urar ta riƙa aikawa ba ƙaƙƙautawa. Ma'aunin ruwan tanki ba ya buƙatar magana fiye da sau ɗaya a minti.

Eriya ma cikin lissafi take. Eriya mai tattara sigina waje guda tana ninka ƙarfin da ke fita ta wannan wajen, ko da ba ka taɓa saitin ba.

Sai batun taransimitar FM, wato na'urar aika sauti zuwa rediyo, wadda kusan kowane mai koyo ke sha'awar haɗawa. Daga 87.5 zuwa 108 MHz wurin gidajen rediyo masu lasisi ne, kuma saka wa unguwa waƙa ko wa'azi ta nan watsa shirye-shirye ne a idon NBC. Abin da ya fi tsoratar da ni shi ne maƙwabcinta: daga 108 zuwa 137 MHz na jiragen sama ne, a nan matuƙa ke magana da hasumiyar filin jirgi. Taransimitar da aka haɗa da transista ɗaya ba tare da matatar sigina ba tana zamewa daga mitarta idan ta yi zafi ko batir ya yi sanyi. In gwaji kake so, cire eriya ka sa rezista mai ohm 50 a madadinta, ka ajiye rediyon saurare kusa da ita a kan tebur.

Ranar da ka yanke shawarar sayar da abin da ka ƙera, sai ka nemi NCC ta tantance samfurin kafin ya shiga kasuwa.