Karatun fiziks a jami'o'in Birtaniya: shawarwari ga ɗalibanmu sababbin zuwa

Ɗalibin da ya sauka a Birtaniya a ƙarshen watan Satumba domin fara digirin farko a fannin fiziks yakan iso da fargaba iri biyu, wato sanyi da saurin Turancin mutanen ƙasar, alhali kuwa ba su ne suka fi kayar da ɗalibai ba. Maganin sanyi riga ce mai kauri, kunne kuma yakan saba da harshen malamai cikin 'yan makonni. Abin da ke jefa mutum cikin matsala shi ne lissafi, da kuma yadda jami'a take sakar masa lokacinsa ba tare da wani ya tsaya a kansa ba.

A Ingila digirin farko na BSc shekara 3 ne, na MPhys ko MSci, wanda ya haɗa da matakin digiri na biyu, kuma shekara 4, a Scotland sai a ƙara shekara ɗaya a kan kowanne. Mai takardar WAEC ko NECO galibi sai ya yi shekarar share fage kafin a karɓe shi, kuma ko bayan ya yi, ya sani cewa abokan ajinsa 'yan ƙasa sun shafe shekara 2 a matakin A-level, wato ƙarshen sakandare, suna aiki da kalkulas, lissafin yadda abubuwa ke canzawa, har hannunsu ya faɗa. Saboda haka malami zai wuce ta kan bekta (adadi mai girma da alƙibla) da kalkulas a makonnin farko a matsayin bita, ya shiga sabon darasi, ku kuwa wataƙila a lokacin ne kuke fara ganin wasu abubuwan. Wannan ba gazawar ƙwaƙwalwa ba ce, bambancin manhaja ne, amma giɓin ba ya rufe kansa. Jami'o'i da yawa suna da wurin taimakon lissafi da ake shiga kyauta ba tare da neman izini ba, kuma ya fi kyau a san hanyarsa tun a watan Oktoba, domin darasin motsin abubuwa, da na lantarki da maganaɗisu, da ka'idar Einstein ta 1905 kan lokaci da gudun haske, duk a kan wannan lissafin aka ɗora su.

Ainihin karatun yana cikin takardar tambayoyin da ake bayarwa kowane mako. Kowace shekara tana da kiredit 120, kuma ana lissafa kiredit ɗaya da awa 10 na aiki, wato awa 1,200 ke nan, waɗanda lacca da ɗakin gwaje-gwaje ba su cinye ko rabinsu. Sauran naku ne, ku da biro da takarda. Mu da muka taso da hadda muna da wata baiwa da ba a raina ta, amma a fiziks tana iya yaudarar mai ita: mutum ya karanta amsar da malami ya fitar, ya ga kowane layi ya bi na gabansa daidai, ya ɗauka ya iya, sai ranar jarrabawa a juya tambayar kaɗan ya rasa ta inda zai fara. A ganina, awa ɗaya da kuka yi kuna kokawa da tambaya guda, ko da ba ku kai ga amsa ba, ta fi awa uku na maimaita abin da wani ya warware.

Ana kai wannan aikin ne zaman tutoriyal, inda ɗalibai kaɗan suke zama da malami ɗaya, kuma a nan ne kunyarmu take yi mana illa. A gida an koya mana cewa yaro ba ya katse babba, ba ya kuma kiran sunansa kai tsaye. A nan za ku ji ɗan shekara 18 ya kira farfesa mai furfura da sunansa na yanka, ya ce masa bai gane layi na uku ba, farfesan kuma ya goge allo ya sake farawa ba tare da ya ji an raina shi ba. Ba dole ba ne ku bar ladabinku, kuna iya ci gaba da cewa Dakta ko Farfesa, amma shirun ɗalibi a wurinsu alama ce ta cewa ya fahimta. Matambayi ba ya ɓata, kuma kowane malami yana da sa'o'in da ya keɓe a mako domin ganin ɗalibai a ofishinsa.

Ɗakin gwaje-gwaje shi ne wurin da ya fi ba sababbin zuwa mamaki, musamman wanda ya yi sakandare a makarantar da kayan aikinta ba su wuce zane a allo ba. A ɗauki gwaji mai sauƙi: an rataye ɗan ƙarfe a zare, ana kaɗa shi, kuna riƙe da agogo kuna ƙirga kai-komo 20, domin gano ƙarfin jan ƙasa wanda kowa ya san adadinsa 9.81 ne. Kun gama lissafi sai kuka sami 9.6. Zuciya za ta raya muku ku ɗan taɓa lambobin su matso kusa da na littafi, to kada ku kuskura. Mai duba aikin ba 9.81 yake nema ba, yana so ne ya ga kun san iyakar ingancin awonku: yatsan mutum yakan makara wajen danna agogo, ma'aunin tsawo yana da iyakarsa, kuma ba a san daidai inda tsakiyar nauyin ƙarfen take ba. Idan kuka nuna cewa sakamakonku 9.6 ne da yiwuwar ƙari ko ragi na 0.3, kun dace da adadin da aka sani kuma aikinku ya yi kyau. Idan kuwa ƙarin ko ragin 0.02 ne kawai, to akwai abin da ya karkace a gwajin, kuma bayanin dalilinsa shi ne ke kawo maki. Littafin gwaji da biro ake rubuta shi a daidai lokacin da ake aikin, kuskure kuma layi ɗaya ake ja a kansa, ba a gogewa, ba a yage shafi.

Wannan tsantseni yana da tarihi. A Jami'ar Manchester, a 1909, Hans Geiger da Ernest Marsden suna harba ƙwayoyin alfa, wasu ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki, a kan siraran ƙarafa, sai suka ga kusan ɗaya cikin 8,000 tana dawowa baya, abin da ilimin wancan zamani bai yi tsammani ba. Ba su share wannan sakamakon ba, kuma daga gare shi ne Ernest Rutherford ya bayyana a 1911 cewa nauyin atom, wato ƙwayar zarra, ya tattaru ne a wata 'yar ƙaramar cibiya. Marsden a lokacin ɗalibin digirin farko ne kamar ku.

Batun maki yakan tayar da hankalin iyaye a gida, don haka gara a yi musu bayani da wuri. Maki 40 shi ne cin jarrabawa, 50 zuwa 59 daraja ta biyu ƙarama, 60 zuwa 69 daraja ta biyu babba, daga 70 kuma daraja ta ɗaya. Wanda ya saba da 90 a sakandare, idan ya ga 64 kada ya ɗauka ya lalace. A jami'o'i da dama makin shekarar farko kaɗan ne yake shiga sakamakon ƙarshe, a wasu ma ba ya shiga, sai dai wanda ya yi wasa da ita zai biya bashin a shekara ta biyu. Za a kuma koya muku rubuta manhajar kwamfuta, galibi da Python. Tattauna tambaya da aboki halas ne, amma miƙa rahoto ko manhaja iri ɗaya laifi ne babba, kuma hukuncin yakan haɗa da wanda ya bayar da aikinsa saboda zumunci.

Ga Musulmi, lokacin salla yana bukatar tsari. A watan Disamba rana tana faɗuwa a Manchester kafin ƙarfe 4 na yamma, ta yadda Azahar da La'asar da Magariba za su iya faɗawa cikin zama ɗaya na ɗakin gwaje-gwaje. Ku sanar da mai kula da ɗakin tun ranar farko cewa za ku riƙa fita na 'yan mintoci, ku yi yarjejeniya da abokin aikinku, ku kuma gano ɗakin salla mafi kusa da sashenku. Idan jadawali ya ci karo da sallar Juma'a, ofishin sashe ake rubuta wa a makon farko a nemi canjin rukuni, kafin rukunan su cika. Abincin halal ba shi da wuyar samu a manyan garuruwa; a Manchester unguwar Rusholme, inda ake samunsa, tafiyar ƙafa ce daga jami'a.

Bizar ɗalibi ta yarda da aikin awa 20 a mako a lokacin zangon karatu, kuma ƙetare wannan iyaka karya sharaɗin biza ne. Shawarata ita ce ɗalibin fiziks kada ya kusanci awa 20 ɗin a shekarar farko, ko da kuwa buƙatun gida suna kiransa a waya. Jami'a tana lura da halartar darasi, domin wajibi ne a kanta ta kai rahoton ɗalibin waje da ya daina zuwa. Mai niyyar komawa daga BSc zuwa MPhys kuma ya fara ganin masu ba da shawara kan biza a jami'arsa, saboda canjin yana ƙara shekara, kuma yakan buƙaci takardar izini ta ATAS wadda fitowarta ke ɗaukar makonni.

Ku yi rajista da asibitin unguwa tun kuna da lafiya, tunda kun riga kun biya kuɗin kula da lafiya tare da biza. Hukumar lafiya ta NHS tana ba masu duhun fata shawarar shan maikurogiram 10 na bitamin D kullum, saboda ƙarancin hasken rana. Idan rashin lafiya ta same ku, ko aka yi rasuwa a gida gab da jarrabawar Janairu ko ta Mayu, akwai fom na uzuri da ake cikewa tare da shaida, kuma yana da wa'adi. Wanda ya daure ya yi shiru har sakamako ya fito, galibi sai dai ya sake jarrabawar a watan Agusta, kuma a jami'o'i da yawa makin da za a rubuta masa ba zai wuce na cin jarrabawa ba, komai ƙoƙarin da ya yi.